Hamma na Bakin Gulbi

Rana ta yi ja lokacin da Barau ya baro Jiga Birni. Tun hantsi yake cikin rudu, rumfar karan nan da ake ajiye albasa, yana juya ta yana fitar da wadda ta fara ruɓa. Albasar marayun wansa ce. Tun da ya dawo daga Kurmi shi ke duba musu ita, don ba shi da wani aikin, kuma ba wanda ke jiransa a ko'ina.

Sama da shekara talatin ya yi a Aba yana sayar da albasa. Can ya yi aure, can aka haifa masa 'ya'ya mata biyu, can kuma ya binne matarsa Aminatu. Zuwansa gida a duk shekarun nan bai wuce na ta'aziyya ba, ya kwana biyu ya juya. Da 'ya'yan suka tafi gidajen mazajensu, ɗaki ya yi masa faɗi, sai ya tattara ya dawo Jega, unguwar Firchin inda aka yanke masa cibi. Ya tarar an raba gidan ubansa da katangar bulo. Balaraba, matar marigayi wansa, ita ta ba shi ɗakin ƙofar gida, take aiko masa da abinci. Samarin unguwa suna gaishe shi da ladabi, suna ce masa Baba ɗan Kurmi, amma ba wanda ya san shi. Tsararrakinsa kuwa, duk wanda ya tambaya sai a ce ya rasu, ko a ce ya tashi.

Ran nan bai bi titi ta Aliero ba, saboda manyan motocin da ke lodi sun cika hanya. Ya yanke ta cikin fadama a kan babur ɗinsa kamar yadda ya yi da safe, yana so ya riski magariba a gida. Bazara ce. Ƙasa ta tsattsage, iska mai ɗumi tana kawo warin albasa daga rumfunan da ke jere a gefen gonaki. Masu ban-ruwa sun kashe injinansu sun tafi. Sai tsuntsayen bela-bela ke wucewa a sama, suna komawa wurin kwana.

Ya yi nisa da gari sai babur ya yi tari ya mutu.

Ya sauka ya buɗe tanki, akwai mai. Ya taka ya taka, ko motsi. Ya tsaya yana share gumi da hularsa, yana duban gabas da yamma ko zai hango wani.

"Barau na Delu."

A hankali aka faɗa, daga bayansa. Delu kakarsa ce, wadda ta rene shi, kuma ta rasu tun kafin ya fara gemu. Rabon da wani ya haɗa sunansa da nata har ya manta.

Ya waiwaya. Wani mutum ne zaune a gindin wani tsohon rudu da ya karkace, cikin riga mai ruwan ƙasa, ya rungume gwiwoyinsa. Dattijo ne kamarsa, gemu ya yi furfura.

"Ba ka gane ni ba," in ji mutumin. "Hamma na. Na bakin gulbi."

Barau ya saki babur ya faɗi gefe bai ma kula ba.

Suna yara su uku ne: shi, da Abdu ɗan makwabtansu, da Hamma. Kullum suka sauka gulbin Jega da yamma sai su tarar da Hamma ya riga su, yana zaune kan rairayi. Shi ya koya musu iyo. Shi ya san ramin da tarwaɗa ke ɓuya, kuma in ya nutse sai sun fara tsoro kafin ya ɗago yana dariya. Sukan yi ta wasa har rana ta faɗi, sannan Delu ta fito kan tudu ta ƙwala kira, Barau ya kwashi rigarsa ya ruga, Abdu ya bi shi.

"Hamma," in ji Barau. "Ashe kana da rai. Kowa nit tambaya sai a ce babu shi."

"Ina nan. Ban tahi ko'ina ba. Zamna ka huta."

Ya zauna kusa da shi a kan ƙasa. Suka gaisa, suka sake gaisawa. Barau ya ji wani abu da ya daɗe a ƙirjinsa yana sakewa. Hamma ya tuna masa ranar da kwalekwalen wani masunci ya kwance da su a ciki, da ranar da Abdu ya taka ƙaya suka goyo shi har gida. Ba abin da ya manta, har launin wandon da Barau ke sawa. Suka yi dariya, dariyar da Barau bai yi irinta ba tun a Aba.

Sannan Hamma ya juyo ya dube shi sosai.

"Ka rame. Mi yas same ka can?"

Tun dawowarsa ba wanda ya yi masa wannan tambayar. An yi masa gaisuwa, an ce Allah ya jiƙanta, an wuce. Sai ya ji bakinsa ya buɗe. Ya ba shi labarin Aminatu, yadda ciwon ya fara da ƙafa, yadda take hana shi gaya wa yara, yadda ranar ƙarshe ta ce ya buɗe mata taga tana son jin hayaniyar titi. Ya gaya masa har yanzu in ya sayi ƙosai yakan sayi na mutum biyu, sai ya iso ɗaki ya tuna. Hawaye suka zubo masa, bai ɓoye ba. Hamma bai katse shi ba ko sau ɗaya. Yana dai gyaɗa kai.

Da ya gama ya share fuska, ya ɗaga kai ya dubi yamma.

Ranar tana inda ya bar ta. Rabinta a waje, rabinta a bayan itatuwa, ja wur. Ya san ya daɗe yana magana, maƙogwaronsa har ya bushe, amma ko kaɗan ba ta sauka ba.

"Bari in nemi ruwa in yi alwala," in ji shi.

"Ba a kira salla ba tukuna."

Gaskiya ne, bai ji kira ba. Ya kasa kunne. A nan ko daga Jiga Birni ko daga Aliero akan jiyo lasifika in iska ta kaɗo. Babu. Babu kukan tsuntsu, babu na gyare. Karan rudun da ke bayansu ma ya daina ƙara.

Warin albasa ya ɗauke. Abin da ke shigar masa hanci yanzu ƙarnin ruwa ne, irin na taɓon gulbi in ambaliya ta janye.

"Kai fa?" in ji Barau, don ya kori shirun. "Ina kake zamne yanzu? Iyali fa?"

"Ni ɗai nike."

"Nan Jiga Birni kad dawo?"

"Ban dawo ba. Ruwa duk ɗaya na a ƙarƙashin ƙasa. Na ji wucewarka tun da sahe."

Barau ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Ya fara laluben ƙwaƙwalwarsa. Wane gida ne gidan su Hamma a Jega? Wace ce uwarsa? Ya tuna makarantar allo, ya ga Abdu a gefensa, bai ga Hamma ba. Ya tuna ranar salla, yara cikin sababbin kaya, babu shi. Ya tuna kasuwa. Babu wuri ɗaya da ya taɓa ganinsa in ba kan rairayin nan ba.

Ya saci kallon fuskarsa. A saman girar hagu akwai tabo, gajere, a karkace. Barau ya kai hannu ya shafa nasa, wanda ƙarfen mota ya yi masa a Aba yana da shekara arba'in. Wuri ɗaya, tsawo ɗaya. Furfurar gemun ma daidai inda tasa take, har ɗan gefen da bai yi fari ba.

"Na ga yadda kag girma," in ji Hamma a hankali, "sai nig gwada. Ya yi daidai?"

Hamma ya yi murmushi. Haƙoran ƙanana ne, farare, da giɓi a gaba inda na nono ya faɗi sabo bai fito ba.

Barau ya so ya miƙe.

Hamma ya saki gwiwoyinsa ya miƙo hannu daga cikin riga. Hannun yaro ne. Gajerun yatsu, fatar ta yi yaushi kamar ta wanda ya daɗe a ruwa. Ya kama wuyan hannun Barau. Sanyinsa ya ratsa har kafaɗa.

"Taho ka ga gidanmu. Ba ka taɓa zuwa ba."

"Dare ya yi, Hamma. Wata rana."

"Da can ma haka kaka cewa. Tsohuwa ta kira ka, ka tahi, in zamna ni ɗai har gobe." Muryar ta sirance, ta koma ta yaron da ya sani. Babu fushi a cikinta. "Yau wa za ya kira ka?"

Barau ya buɗe baki, bai sami sunan da zai faɗa ba.

Suka tashi tare. Bai san yadda ƙafafunsa suka ɗauke shi ba. Suna tafe hannu cikin hannu a kan busasshiyar fadama, sai ya ji ƙasa ta yi laushi. Takalminsa ɗaya ya maƙale ya tsaya a baya.

A gabansu ruwa ne. Faffaɗa, baƙi, ba ya motsi, a inda da safe ya wuce gonakin tattasai.

Ya fara Ayatul Kursiyyu a zuci. Ya kai tsakiya ta kuɓuce masa. Ya koma farko, ta sake kuɓucewa. Harshensa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse.

Ruwa ya kama idon sawu.

"Babu zahi," in ji Hamma. "Can ba a tahiya a bar mutum."

Gwiwa.

Abin da ya fi ba Barau tsoro daga baya, in ya tuna, shi ne a daidai nan ya daina ja da baya. Ya hango ɗakinsa na ƙofar gida, tabarma ɗaya, buta ɗaya, rediyon da yake bari a kunne don ya ji muryar mutum. Ya ji gajiya ta sauko masa. Sanyin ruwan har daɗi yake yi.

Ƙugu.

Hamma yana gaba, ruwa bai motsa a jikinsa ba. Gemun ya fara zamewa daga fuskarsa kamar laka.

Ciki.

Sai wani abu ya yi ƙara a ƙirjin Barau.

Wayarsa ce, a aljihun gaba. Ƙarar ta tsaga shirun nan har ya ji ta a haƙoransa. Hamma ya tsaya cak, bai juyo ba.

Da hannun da ba a riƙe ba Barau ya zaro ta. Yatsunsa suka yi ta zamewa kafin ya danna.

"Barau, ina kat tsaya?" Muryar Balaraba ce, da ƙarar kwanuka a bayanta da kukan jika. "An yi isha'i tun ɗazu, tuwonka ya huce. Ka taho gida mana."

Barau ya ɗaga wayar sama, kamar mai nuna shaida.

"An kira ni," ya ce da raɗa. "Hamma, ka ji. An kira ni."



Yaron ya juyo. Yaro ne yanzu sosai, rigar dattijo tana yawo a kan ruwa kewaye da shi. Idanunsa ba su da fari.

"Ba tsohuwa ba ta."

"Gida na dai. An ce in taho gida."

Yatsun suka ƙara matsewa. Barau ya ji ƙashi yana goga ƙashi.

"Na daɗe ina jira," in ji yaron.

Nan harshen Barau ya saku. Ya yi a'uziyya da iyakar muryarsa, ya jefa jikinsa baya gaba ɗaya. Wani abu ya ɓalle a hannunsa, ƙas, kamar an karya kara. Zafin ya haske masa ido. Ya faɗi, ruwa ya rufe fuskarsa, ya haɗiyi taɓo.

Da ya ɗago, duhu ne. Taurari a sama, gyare suna ta kuka, wari kuma na albasa.

Babu gulbi. Yana cikin wata tsohuwar rijiyar fadama mai faɗin baki, irin wadda masu lambu ke haƙawa su bari, laka ta kama shi har ƙirji. Ya yi ta kira har muryarsa ta dushe. Wani manomi mai suna Garba, da ya dawo ɗaukar tiyon ban-ruwansa da ya manta, shi ya jiyo shi. Ya zura masa tiyon ya ɗaura a hammata, ya kira mutane suka jawo shi. Babur yana can nesa a kwance. Garba na taka shi sau ɗaya ya tashi.

Gidan wani tsohon mai ɗori a Aliero aka kai shi. Tsohon ya wanke lakar, ya kusanto da fitila, ya daɗe yana duban wuyan hannun. Shatin yatsu ne a kewaye da karayar, ƙanana, sun yi baƙi.

"Yaro na yar riƙe ka?" ya tambaya.

Barau ya ce rijiya ya faɗa. Tsohon ya ja ƙashin ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure, sannan ya yi tofi mai tsawo, fiye da wanda ya yi wa sauran masu jinya.

Da hannun ya fara warkewa Barau ya shiga neman Abdu. Ya tambayi dillalan albasa, suka tura shi wurin mahautan Jega, wani a cikinsu ya ce ya san wani Abdu mutumin Firchin da ke noma a Sarandosa. Ranar kasuwar Maiyama ya shiga mota, daga can ya hau ɗan acaɓa.

Ya same shi a ƙofar gida yana gyaran igiyar shanu. Ya tsufa fiye da shekarunsa, ido ɗaya ya yi yana. Sai da Barau ya faɗi sunan ubansa da na kakarsa kafin Abdu ya gane shi. Ya yi murna, ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Suka tambayi juna iyali, suka lissafa waɗanda suka rasu, suka yi maganar tsadar taki. Daga nan magana ta ƙare. Suka zauna suna kallon awaki, kowa yana neman abin da zai ce.

"Abdu," in ji Barau can, "Hamma ɗan wane gida na?"

Hannun Abdu ya tsaya a kan igiya.

"Ni da nika zaton ɗan'uwanku na. Tare nika ganinku."

"Ni kuma na ɗauka naku na."

Abdu ya dubi ɗaurin da ke hannun Barau, ya kawar da kai. Ya rage murya, ko da yake ba kowa kusa.

"Bayan ka tahi Kurmi na ci gaba da zuwa gulbi wanki. Duk marecen da nis sauka shina nan kan rairayi. Ba shi ce mini komi sai, ina Barau? In ce ka yi tahiya. Gobe ma haka. Na yi aure, na haihu, shina nan shina tambaya. Wata rana ina riƙe da hannun ɗana sai nil lura tsawonsu ɗaya." Ya ajiye igiyar. "Satin nan nit tattara muka dawo nan. Ko rahi ban yarda in yi gona kusa da shi ba."

"Bai taɓa cewa ka bi shi ba?"

"A'a. Ba ni shika nema ba."

Kafin la'asar Abdu ya rako shi har bakin hanya, ya tsaya sai da ya ga ya hau babur ɗin haya. Suka karɓi lambar juna, suka ce za a riƙa zumunci. Sukan gaisa ranar Juma'a, gaisuwa gajera.

Hannun ya ɗoru, amma yatsu biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba, kuma ko a tsakiyar bazara wurin sanyi gare shi. Barau ya bar wa babban ɗan wansa duban rudu. Ba ya bin fadama, ba ya zuwa gulbi, in mota za ta hau gada yakan sunkuyar da kai. Mutanen unguwa suna cewa tsoro ne ya kama shi tun faɗawarsa rijiya, shi kuma bai musa ba.

Abin da bai gaya wa kowa ba, akwai yammacin da ɗakin kan yi masa shiru fiye da kima, ya ji labari ya taru masa a baki ba wanda zai ba. A irin wannan yammacin ƙarnin ruwa kan shigo ta taga, kaɗan, kuma ba ya jin ƙyamarsa. Sau ɗaya ya farga ya ga kansa a kan babur, ya riga ya fita unguwa.

Tun daga ranar, kullum aka sallame la'asar yakan leƙa cikin gida ya miƙa wa Balaraba makullin babur, ya ce ta riƙe masa sai da safe. Takan ƙulle shi a bakin zanenta ta ci gaba da aikinta. Ba ta taɓa tambayarsa dalili ba.